Dabara Ta Fi Ƙarfi: Yadda Ake Haɗa Mai da Ruwa Ba Tare da Ɓarnar Makamashi Ba

Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga ta nufi Shagari da hantsi, da wuya ya rasa ganin matan Fulani ɗauke da ƙore, suna haramar shiga gari da nono da kindirmo, ga curin man shanu yana yawo a saman nonon. A cikin wannan ƙwarya ɗaya akwai abubuwa biyu da masana kimiyya suka daɗe suna nazari a kansu. Nonon kansa mai ne da aka tarwatsa cikin ruwa. Shi kuwa man shanu ruwa ne da ya maƙale cikin mai. Kowane yaro ya san cewa mai da ruwa ba sa jituwa, amma ga su nan a ƙwarya sun zauna lafiya.

Irin wannan haɗi shi ne masana ke kira imalshan, wato gaurayen ruwaye biyu waɗanda ba sa narkewa cikin juna, inda ɗaya ya rarrabu ƙananan ɗige-ɗige a cikin ɗayan. Man shafawa, da mayonis, da maganin feshi, da wasu magungunan asibiti duk imalshan ne, kuma haɗa su na cin makamashi mai yawa a masana'antu. Ga mai ƙaramar sana'a a Boɗinga ko Shagari, wanda yakan dogara da janareta da man da ya saya da kuɗinsa, yadda aka yi haɗin yana iya zama shi ne bambanci tsakanin riba da faɗuwa. Wannan maƙala za ta bayyana dalilin da ya sa haɗa mai da ruwa ke cin ƙarfi, da inda ƙarfin ke salwanta, da kuma dabarun da aka gano na haɗa gauraye mai kauri da makamashi kaɗan.

Me Ya Sa Mai da Ruwa Ba Sa Jituwa?

Ƙwayoyin ruwa suna da ɗabi'ar riƙe juna da ƙarfi, domin kowace ƙwaya tana da gefe mai caji na tabbatacce da gefe mai caji na korau. Ƙwayoyin mai ba su da wannan siffa, saboda haka ruwa yakan ture su gefe. A daidai iyakar da mai ya haɗu da ruwa akan sami wani tsauri, tamkar fatar ganga da aka ɗaure, wanda kullum yake neman ya rage faɗin iyakar. Wannan tsaurin iyaka shi ke sa ɗigon mai ya dunƙule kamar ƙwallo, shi ne kuma ke sa ɗigo biyu su haɗe su zama ɗaya da zarar sun taɓa juna. Idan aka girgiza man gyaɗa da ruwa a kwalba aka ajiye, kafin a daɗe man ya koma sama.

Don a hana haka ana buƙatar abu na uku, wanda za a iya kira sinadarin sulhu. Ƙwayarsa tana da kai mai son ruwa da wutsiya mai son mai. Takan tsaya a kan iyaka, kai cikin ruwa, wutsiya cikin mai, ta sassauta tsaurin iyakar, ta kuma yi wa ɗigon riga wadda za ta hana shi haɗewa da maƙwabcinsa. Sabulu sinadarin sulhu ne. Haka ma lesitin da ke cikin gwaiduwar ƙwai, wanda wani masani Bafaranshe, Théodore Gobley, ya fara warewa a shekarun 1840. Ƙaro da ake samu daga itacen dakwara shi ma yana wannan aiki, abin da ya sa kamfanonin lemon kwalba ke sayensa daga Sudan da Chadi da Nijeriya don riƙe man ƙamshi a cikin abin sha.

A 1913 Wilder Bancroft na Jami'ar Cornell a Amurka ya fitar da wata ƙa'ida mai sauƙi: ruwan da sinadarin sulhu ya fi narkewa a cikinsa shi ne zai zama na waje, ɗayan kuma ya zama ɗige-ɗige. Saboda haka mai son gaurayen mai cikin ruwa sai ya zaɓi sinadarin da ke narkewa a ruwa, ya kuma narkar da shi a ruwan tun kafin ya fara zuba mai.

Ina Makamashin Ke Tafiya?

A ɗauki lita 1 ta man gyaɗa, a ce ana so a farfasa ta ɗige-ɗige masu faɗin maikuromita 1, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Lissafi ya nuna cewa jimlar fatar waɗannan ɗige-ɗige za ta kai murabba'in mita 6,000, kusan girman filin ƙwallon ƙafa. Idan akwai sinadarin sulhu a ruwan, makamashin da ake bukata don samar da wannan sabuwar fata bai wuce jul 60 ba. Abin da ƙwan lantarki mai wat 60 ke ci ke nan a cikin daƙiƙa ɗaya.

Sai a duba abin da injin masana'anta ke ci. A 1899 Auguste Gaulin ya yi rajistar wani inji a Faransa, ya kuma nuna shi a baje kolin duniya na birnin Faris a 1900. Injin yana tura madara da matsanancin ƙarfi ta wata 'yar ƙaramar kafa, ɗige-ɗigen mai su farfashe. Jikokin wannan inji su ne ake aiki da su a masana'antun madara. Idan injin yana aiki da matsi ninki 200 na matsin iskar da ke kewaye da mutum, yana cin jul 20,000 a kan kowace litar da ta wuce ta cikinsa. In gaurayen yana da mai kashi 10 cikin 100, sai an tura lita 10 kafin a farfasa lita 1 ta mai, wato jul 200,000. Wannan zai kunna ƙwan lantarkin nan na kusan minti 55. Ke nan abin da ya yi ainihin aikin da ake nema bai kai kashi 1 cikin 1,000 na abin da aka kashe ba. Sauran duk ya zama zafi, shi ya sa madarar da ta fito daga irin wannan inji takan ƙara ɗumi da kusan digiri 5.

Dalilin wannan hasara yana cikin ɗigon kansa. Matsin da ke cikin ɗigo yana ƙaruwa gwargwadon ƙanƙantarsa. Ɗigo mai faɗin maikuromita 1 ya fi mai faɗin milimita 1 tauri ninki 1,000. Kafin a raba shi biyu sai an miƙar da shi tukuna, kuma babu hannun da zai iya kama shi. Ruwan da ke kewaye da shi ne kaɗai zai iya jansa. To, ruwa abu ne mai tsinkewa, ba ya riƙe abu da kyau. Don haka sai an wujijjiga dukan ruwan da gudu na fitar hankali kafin ɗan ƙarfi ya isa ga ɗigon. Mafi yawan makamashin a kan ruwa yake ƙarewa, ba a kan mai ba.

Darasi Daga Mai Fura da Mai Koko

Matan Hausa sun daɗe da sanin maganin wannan matsala, ko da yake ba a kan mai suka koye shi ba. Mai dama fura ba ta cika ƙwarya da ruwa sannan ta jefa curin fura. Takan sa nono kaɗan, ta murje furar da bayan ludayi a jikin ƙwarya har ta yi laushi, sannan ta ƙara nono, ruwa ya zo daga ƙarshe. Mai koko ma da ruwa kaɗan take fara dama gasara. Duk wadda ta yi gaggawar cika ruwa za ta ga gudaji suna zillewa daga ludayi, ta gaji da juyi ba su mutu ba. A cikin kauri kuwa gudaji ba su da wurin gudu, suna gogar juna suna murƙushe juna.

Ilmin kimiyyar lissafi ya tabbatar da wannan hikima. Ƙarfin murzar da ke isa ga ɗigo daidai yake da kaurin abin da ke kewaye da shi idan aka ninka shi da saurin juyi. Shi kuwa makamashin da ake ci a kowace daƙiƙa daidai yake da kauri a ninka da sauri, a sake ninkawa da sauri. Abin da wannan ke nufi shi ne, idan aka ninka kauri sau 10 aka rage sauri sau 10, murzar da ɗigo ke sha ba ta canza ba, amma wutar da ake ci ta ragu sau 10. Sauri ne ke cin kuɗi, kauri kuwa kusan kyauta yake yin aikin.

Akwai wani dalili na biyu. A 1934 Geoffrey Taylor na Jami'ar Kambirij a Ingila ya yi gwaje-gwaje a kan yadda ɗigo ke miƙewa ya tsinke a cikin ruwa mai motsi. Daga aikinsa da na waɗanda suka biyo bayansa aka gane cewa idan ɗigo ya fi abin da ke kewaye da shi kauri da fiye da ninki 4, juyi na sannu ba ya tsinka shi, sai dai ya yi ta mirginawa a wuri ɗaya. Man gyaɗa ya fi ruwa kauri wajen ninki 50. Ke nan a cikin tsinkakken ruwa juyin hannu ba zai yi masa komai ba, sai an nemo hanyar da za a kaurara abin da ke kewaye da shi.

Gauraye Mai Kauri

Hanya mafi sauƙi ta samun wannan kauri ita ce a bar man kansa ya kawo shi. Idan aka jera ƙwallaye masu girma ɗaya a cikin akwati jeri mafi matsi, ba za su cika fiye da kashi 74 cikin 100 na akwatin ba. Johannes Kepler ya yi hasashen haka a 1611, Thomas Hales kuma ya kawo hujjarsa a 1998. Idan aka zuba ƙwallayen barkatai, kusan kashi 64 suke cikawa. Ɗige-ɗigen mai kuwa suna lanƙwasuwa. Da zarar man da ke cikin gauraye ya wuce wannan iyaka, sai ɗige-ɗigen su matsu, su bar siffar ƙwallo, su koma kamar saƙar zuma, ruwan da ke tsakaninsu ya zama 'yar fata siririya. Daga nan gaurayen ya daina kwarara, ya tsaya a cokali. Mayonis misali ne: yana ɗauke da mai kashi 65 zuwa 80 cikin 100, amma duk da haka mai ne cikin ruwa, domin ɗan ruwan gwaiduwa da ruwan tsami shi ne ya kewaye kowane ɗigo.

A cikin irin wannan cunkoso, duk sabon man da aka zuba yana shiga tsakanin miliyoyin ɗige-ɗige waɗanda za su matse shi, su ja shi ya zama zare, zaren ya tsintsinke. Juyi na sannu ya isa. Haka kuma ba a ɓata ƙarfi wajen motsa ruwan da ba a bukata. A lissafin da ya gabata sai da aka motsa lita 10 don farfasa lita 1 ta mai. Idan man ya kai kashi 80 cikin 100, lita ɗaya da kwata kawai za a motsa. Bayan an gama, sai a tsinka gaurayen da ruwa zuwa yadda ake so, kuma tsinkawar ba ta cin wani ƙarfi, tun da ɗige-ɗigen sun riga sun sami rigarsu.

An gwada wannan dabara a babban mataki a ƙasar Benezuwela. A yankin kogin Orinoko akwai ɗanyen mai mai kauri kamar kwalta, wanda ba ya bin bututu. A shekarun 1980 cibiyar bincike ta Intevep, ta kamfanin man ƙasar, tare da kamfanin BP suka fito da hanyar haɗa shi da ruwa kaɗan da sinadarin sulhu ta juyi na sannu, sannan a tsinka shi ya koma kashi 70 mai, kashi 30 ruwa. An sayar da wannan haɗi da sunan Orimulsion ga tashoshin lantarki na ƙasashe da dama, har zuwa 2006 da aka daina yinsa. A 1996 kuma Thomas Mason da Jérôme Bibette, suna aiki a Bodo ta Faransa, suka nuna cewa murza gauraye mai kauri a tsakanin bango biyu masu kusanci yana ba da ɗige-ɗige masu girma kusan ɗaya. Masana'antun madara ma suna bin irin wannan tunani: wasu sukan ware maiƙon madarar su tura shi kaɗai ta injin Gaulin, sannan su mayar da shi cikin sauran madarar.

Gauraye mai kauri yana da wata fa'ida wajen ajiya. Bisa ƙa'idar da George Stokes ya fitar a 1851, saurin da ɗigo ke tasowa sama yana bin faɗinsa ne a ninke da kansa: idan aka rage faɗin da rabi, saurin ya koma kwata. Wannan ne ya sa maiƙo ke taruwa a saman madarar da ta kwana, domin ɗige-ɗigenta sun kai maikuromita 3 zuwa 4. A gauraye mai kauri kuwa ɗige-ɗigen sun riga sun cushe, babu wanda ke da hanyar tasowa.

Wasu Dabarun Rage Makamashi

Dabara ta farko ta shafi wuta. A wajen haɗa man shafawa, musamman wanda aka yi da man kaɗe, al'ada ita ce a dafa mai da ruwa duka zuwa wajen digiri 75, a haɗa, sannan a jira su huce. Ɗumama lita 1 ta ruwa daga digiri 30 zuwa 75 yana cin jul 188,000, wanda ya zarce abin da juyin kansa ke ci nesa ba kusa ba. A 1978 wani masani mai suna T. J. Lin ya bayyana hanyar kauce wa wannan: a ɗumama wani ɓangare na ruwan kawai, a haɗa gauraye mai kauri da shi, sannan a tsinka da sauran ruwan yana sanyi. Idan haɗin yana bukatar lita 80 ta ruwa aka dafa 30 kaɗai, an tsira da jul miliyan 9.4, an kuma rage lokacin jiran hucewa. Ga mai dafawa da itace ko gas wannan ragi ba ƙarami ba ne. Sharaɗinsa shi ne ruwan da za a ƙara ya zama mai tsabta ƙwarai, tun da ba zai hau wuta ba.

Dabara ta biyu ita ce bututun haɗi marar motsi, wanda ya yaɗu tun daga shekarun 1960. A cikin bututun an jera murɗaɗɗun faifai, kowane ɗaya yana raba abin da ke wucewa gida biyu ya juya shi. Faifai 20 suna ba da shimfiɗa sama da miliyan ɗaya. Mai alewa yana yin irin wannan lokacin da yake jan alewa yana ninkewa. Bututun ba shi da wani sashe mai juyawa da zai lalace, famfo kawai yake bukata.

Dabara ta uku ta fito daga Japan. A ƙarshen shekarun 1980 Tadao Nakashima da abokan aikinsa a lardin Miyazaki suka yi amfani da wani gilashi mai ƙananan ƙofofi, wanda ake yi da tokar dutse mai aman wuta, suka riƙa tura mai ta cikinsa a hankali zuwa cikin ruwa mai gudana. Kowace ƙofa tana haifar da ɗigo daidai girman da ake so tun daga farko, don haka babu bukatar farfasawa. Makamashin da hanyar ke ci kaɗan ne, sai dai tana da jinkiri, ƙofofin kuma sukan toshe.

Dabara ta huɗu ita ce a bar sinadarai su yi aikin. Kozo Shinoda ya nuna a shekarun 1960 cewa wasu sinadaran sulhu suna sauya sheƙa daga son ruwa zuwa son mai idan zafi ya ƙaru. A daidai zafin da suke sauyawa tsaurin iyaka yakan faɗi kusan babu, juyi kaɗan ya ba da ɗige-ɗige ƙanana, sai a yi maza a sanyaya. Dangin wannan shi ne abin da ake gani idan aka zuba Dettol a ruwa ya yi fari nan take: ɗige-ɗige ne suka samu da kansu ba tare da an kaɗa ba.

Yadda Jikin Halitta Ke Yi

Jikin dabba da na tsiro sun riga masana'antu bin waɗannan hanyoyi. A cikin hantsar saniya, Bakoloji ce ko Rahaji, ƙwayoyin halitta suna fitar da mai ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo a naɗe cikin fatar ƙwayar da ta haife shi. Wannan ya yi kama da dabarar Miyazaki. Ƙwayar gyaɗa kuwa kusan rabinta mai ne, an adana shi ƙananan ɗige-ɗige masu rigar furotin. Aikin mai ƙuli-ƙuli na suya da niƙa da murza da ɗan ruwan zafi duk ƙoƙari ne na yaga wannan riga don man ya tsatso. A cikin ɗan'adam, tumbi yana matsa abinci kusan sau 3 a minti ɗaya, matsarmama ta zubo ruwanta a hanji ya yi aikin sinadarin sulhu, kitse ya rarrabu a zafin digiri 37 kacal.

Kaɗa nono kuma yana koyar da akasin darasin. Idan Bafulatana ta yi ta girgiza nono a gora, iska da bugu suna yaga rigar ɗige-ɗigen, su manne wa juna, har su dunƙule su zama man shanu mai ɗauke da mai kusan kashi 80 cikin 100, ruwa kuma ya koma ɗige-ɗige a cikinsa. Gaurayen ya juye ke nan. Abin da take nema shi ne abin da mai haɗa gauraye mai kauri ke tsoro. Idan ya yi juyi fiye da kima, ko ya zuba mai da yawa a lokaci ɗaya, ko sinadarin sulhu ya gaza rufe sabuwar fatar da ake samarwa, haɗinsa zai tsinke man ya fito. Zafi ma yana gaggauta hakan, abin lura a yankin Sakkwato inda zafin watan Afrilu yakan haura digiri 40.

Amfani Ga Manomi

Manoman rani da ke aiki a fadamun Boɗinga da kewayen madatsar ruwa ta Shagari suna haɗuwa da wannan ilmi a duk lokacin da suka goya tankin feshi. A ɗauki man 'ya'yan dogon yaro, itacen da ya cika garuruwan yankin. Yana ɗauke da sinadarin azadiraktin, wanda aka fara warewa a 1968, mai hana ƙwari ci da girma. Idan manomi ya tsiyaya man kai tsaye cikin tanki cike da ruwa ya girgiza, man zai taso sama cikin ɗan lokaci. Kunyoyin farko za su sha kusan ruwa zalla, ƙwari su tsira. Na ƙarshe kuma su sha mai tsagwaronsa, ganye ya ƙone. An yi hasarar mai, an yi hasarar yini, amfanin gona kuma bai tsira ba.

Gyaran shi ne a bi hanyar mai fura. A narkar da sabulu a ruwa kaɗan a cikin kwano, a riƙa ɗiga man sannu a hankali ana burgawa da maburgi har haɗin ya yi fari ya yi kauri, sannan a tsinka shi da ruwa kaɗan-kaɗan kafin a juye a tanki. A yi feshin a ranar, domin ruwa da hasken rana suna kashe ƙarfin sinadarin. Yawan man da za a sa sai a nemi shawarar malamin gona. Magungunan feshi na kamfani kuwa sun zo da sinadarin sulhunsu a ciki, kuma guba ne: ba a dama su a kwanon gida, ba a taɓa su da hannu, umarnin da ke jikin kwalba kawai ake bi.

Gwaji Don Aji

Malami zai iya nuna wannan darasi da kayan da ba su da tsada. A raba ɗalibai gida biyu, a ba kowane gida gwaiduwar ƙwai ɗaya, da ƙaramin cokali na ruwan lemon tsami, da man gyaɗa mililita 100, da ruwa mililita 400. Gida na farko su zuba komai a kwalba su girgiza iya ƙarfinsu na minti 5. Gida na biyu su sa gwaiduwa da lemon tsami a kwano, su riƙa ɗiga mai suna juyawa da cokali, da farko ɗigo-ɗigo, daga baya siririn zare, har man ya ƙare, sannan su tsinka da ruwan a hankali su juye a kwalba. A ajiye kwalaben biyu kusa da juna, a riƙa auna tsawon abin da ya taru a sama da rula bayan kowane minti 10, a kuma duba ko mai tsantsa ya fito. Inda akwai madubin ƙara girma, a ɗiga kowane haɗi a gilashi a kwatanta girman ɗige-ɗigen.

Don a gane wane iri ne gauraye, a jefa ɗan kaɗan a kofin ruwa. In ya baje ya yi fari, mai ne cikin ruwa. In ya dunƙule ya taso, ruwa ne cikin mai. A gwada madara da man shanu a ga bambanci. Kada kowa ya ɗanɗana haɗin, domin ɗanyen ƙwai yana iya ɗaukar ƙwayoyin cuta.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa makamashin da haɗa mai da ruwa ke bukata a haƙiƙa ɗan kaɗan ne, kuma mafi yawan abin da injuna ke ci yana salwanta ne wajen motsa ruwa da ɗumama shi. Matakan rage wannan hasara a bayyane suke: a zaɓi sinadarin sulhu mai narkewa a ruwa kuma a sa isasshe, a fara da ruwa kaɗan, a zuba mai a hankali, a yi juyi na sannu cikin kauri, a dakata da zarar haɗi ya kama, sannan a tsinka daga ƙarshe.

Akwai sauran aiki a gaban masu tasowa. Ƙaro, da waken soya, da furotin ɗin gyaɗa da na madara duk ana samunsu a kasuwannin yankin, kuma kowannensu yana bukatar a auna ƙarfinsa a zafin Sakkwato, a san wane mai ya dace da shi da kuma kwana nawa haɗinsa zai yi bai tsinke ba. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, tana da sassan kimiyya da kuma Cibiyar Binciken Makamashi inda irin waɗannan tambayoyi za su sami gurbi. Ɗalibin sakandare a Sifawa ko Danchadi ko Shagari zai iya fara nasa binciken tun yanzu da kwano da maburgi da rula da littafin rubuta sakamako, ya kuma tambayi mahaifiyarsa dalilin da ya sa ba ta cika wa fura ruwa tun da farko.